Tauraro da Alamar Zance a Tarihin Unix

A shekarar 1971 Ken Thompson ya rubuta shel na farko na Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke New Jersey a Amurka. Shel ɗan aike ne, yana karɓar umarnin da mutum ya buga ya kai wa manhajar da aka kira. Tun farko aka ba ɗan aiken nan izinin taɓa saƙo a hanya: in ya ga alamar tauraro, sai a musanya ta da sunayen fayilolin da suka dace kafin manhajar ta ga komai. Wata ƙaramar manhaja mai suna glob ce ke wannan aiki da fari, kafin shel ɗin Stephen Bourne na 1979 ya riƙa yi da kansa.

A ce folda na ɗauke da Ikara.txt, Kudan.txt da Makarfi.txt. Ka buga find . -name *.txt, sai manhajar binciken fayiloli, find, ta tarar da sunaye uku inda take jiran ɗaya, ta ƙi aiki. Ka sa alamar zance, '*.txt', tauraron ya isa gare ta yadda ka rubuta shi, ita ta yi binciken.

Inda aka raba gari shi ne in babu fayil ɗin da ya dace. Na Bourne yakan miƙa tauraron haka nan, saboda haka mai mantuwa ya tsira, bai ma san ya yi kuskure ba. A ganina wannan sassauci ya fi ɓarna. Shel ɗin csh, wanda Bill Joy ya rubuta a Berkeley a ƙarshen shekarun 1970, tsayawa yake yi ya ce bai samu ba. Bash na Brian Fox ya fito a 1989 ya bi sawun Bourne. Zsh na Paul Falstad, a 1990, ya ɗauki tsaurin csh. Da Apple ya mayar da zsh shel ɗin Mac a 2019, mutane da yawa suka ga umarnin da suka saba bugawa ba alamar zance ya daina tafiya.

Bash ma ya saɓa wa kansa. A 2004 ya kawo alamar =~ don gwada rubutu da tsari, kuma mutane suka saba sa tsarin cikin alamar zance. Fitowa ta 3.2, a 2006, ta ce duk abin da ke cikin alamar zance rubutu ne tsagwaronsa. Tsofaffin shirye-shirye suka lalace ba gargaɗi, har aka ƙara zaɓin compat31 don masu son tsohon hali.