Ɓacewar Haruffa Masu Ƙugiya a Fayilolin Hausa da Faransanci: Misalan Sunayen Yankin Damagaram

A tsarin UTF-8 kwamfuta tana ajiye harafin k a bayit ɗaya, amma ƙ sai da biyu, C6 99. Haka ɓ yake C9 93, ɗ yake C9 97, ƴ kuma, wanda ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta tsayar inda Nijeriya ke rubuta 'y, C6 B4 ne. An saba ɗora laifin lalacewar waɗannan haruffa kan rashin allon bugawa ko ƙarancin fasalin rubutu. Wannan bayani bai gamsar ba, domin harafin da aka buga daidai ma yakan salwanta bayan an ajiye shi.

An gwada sunayen garuruwan yankin Zinder, wato Damagaram, inda Hausa da Faransanci ke haɗuwa a fayil guda, ta hanyoyin da masu rubuta manhaja ke bi kullum a Python da Excel.

Matsala ta farko sananniya ce. Fayil ɗin CSV da ba shi da alamar EF BB BF a farkonsa, Excel yakan karanta shi da Windows-1252, sai Ɗan Barto ya koma ÆŠan Barto. Munin gani ne kawai, bayit ɗin suna nan, ana iya mayar da su.

Ta biyu ce ta fi haɗari. Don sauƙaƙa bincike da jera sunaye, akan cire alamomin wasulan Faransanci da dabara mai taki biyu: a warware rubutu da NFKD, sannan a zubar da duk abin da ba ASCII ba. Ga Faransanci dabarar tana aiki sarai, saboda Unicode ya ɗauki é a matsayin e da alama a kansa, don haka Gouré ya zama Goure, Kantché ya zama Kantche. Ƙugiya ba haka take ba. Unicode bai ba ƙ, ɓ, ɗ da ƴ wata warwara ba, kowanne harafi ne mai zaman kansa, saboda haka taki na biyu yakan kwashe shi ɗungurungum. Ɗan Barto ya dawo an Barto, ƙasa ta dawo asa, ƴaƴa suka rage aa. Harafin ǝ na Kanuri, harshen da ake ji a Damagaram tun zamanin da take ƙarƙashin Barno, shi ma haka yake tafiya. Manhajar ba ta yin ƙorafi ko kaɗan, kuma mai dubawa da ya ga sunayen Faransanci sun fito tsaf zai ɗauka aiki ya yi kyau. Abin da aka zubar ta wannan hanya ba ya dawowa sai daga fayil na asali.

Maganin shi ne tebur na musanya da aka rubuta da hannu, ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, a yi amfani da shi kafin NFKD, kuma a ajiye sakamakon a wani gurbi na bincike kaɗai. Sunan asali ba a taɓa shi, tunda ƙasa da kasa ba kalma ɗaya ba ce.

Gwajin bai shafi Ajami ba, kuma sunaye ne zaɓaɓɓu, ba rumbun bayanan wata ma'aikata ba. Sai dai sakamakon ya dogara ne kan teburin Unicode, wanda, game da waɗannan haruffa, yake ɗaya a kowace kwamfuta.