Masu Bin Zakunan Serengeti

Kafin 1966, yawancin abin da aka rubuta game da zaki daga bakin mafarauta ya fito, shi kuwa mafarauci iyakar zamansa da zaki daga hango shi ne zuwa harbinsa. A shekarar nan ce George Schaller, masanin dabbobi Ba'amurke haifaffen Jamus, ya sauka a Seronera, tsakiyar gandun dajin Serengeti na Tanzaniya, da niyyar sanin zakuna a raye. Shekara uku yana bin su da mota dare da rana, har ya tara sa'o'i kusan 2,900 na kallo. Littafin da ya fitar a 1972, The Serengeti Lion, shi ne har gobe ake fara miƙa wa sabon shiga wannan aiki namu. Shi ya nuna cewa zaki kan kwashe sa'o'i wajen 20 a kwance cikin yini guda. Haka kuma aikinsa da na Hans Kruuk a kan kuraye suka wanke kura daga zargin cin saura kawai, domin sau da yawa ita ke kashe nama, zaki ya zo ya ƙwace.

Babbar matsalar farko ita ce bambance wannan zakanya da waccan. Schaller ya riƙa sumar da wasu da allura yana maƙala musu alama a kunne, amma ba za a yi wa kowane zaki haka ba. Mafita daga Kenya ta zo a 1970, lokacin da Colin Pennycuick da Judith Rudnai suka lura, a gandun dajin Nairobi, cewa ɗigo-ɗigon da ke gindin gashin bakin zaki ba ya sauyawa tun yana ƙarami har ya mutu, kuma tsarin na kowane zaki daban ne.

A kan wannan aka gina komai. Kowane zaki yana da katinsa. Za ka tsayar da mota nesa kaɗan, ka kashe inji, ka sa madubin hangen nesa a ido, ka jira zakanya ta ɗago kai daga cikin ciyawa. In ta ɗago, sai ka duba ɗigon da ke sama da layin farko na gashin bakin, ko biyu ne ko uku, da kuma inda suka faɗo, ka zana a katin. Ɓangaren hagu ke nan. Na dama sai ta ga damar juyowa, wataƙila bayan la'asar, wataƙila sai wani makon. Ka ƙara da yagewar kunne, da tabon faɗa, da launin hanci, wanda yake ja-ja a ƙuruciya, yana yin baƙi da shekaru. Ƙuda na damunka, ƙarfen mota ya yi zafi, ita kuwa barcinta take yi. Wanda bai iya wannan zama ba, ba ya daɗewa a cikinmu.

Katunan nan hannu zuwa hannu suka riƙa tafiya. Brian Bertram ya karɓi aikin a 1969, Jeannette Hanby da David Bygott suka gaje shi a 1974, sannan a 1978 Craig Packer da Anne Pusey suka zo, bayan sun yi aikin birai a Gombe ta Tanzaniya, ba tamu ba. Packer ya riƙe aikin fiye da shekara talatin. Da haka aka wayi gari ana iya nuna zakanya a ce ga uwarta, ga kakarta, ga gindin dutsen da aka haife ta.

Sai da zuriya ta taru a rubuce sannan aka ga yadda garke yake. Mata su ne masu gida: uwa da 'ya'ya da 'yan uwa, suna zaune a ƙasar da suka gada. Maza baƙi ne. Sukan bar garken haihuwarsu in sun tasa, su haɗa kai biyu ko uku ko fiye, su kori mazan wani garke su maye gurbinsu, kuma galibi ba sa wuce shekara biyu kafin su ma a kore su. Bertram ne ya bayyana abin da ya fi tayar wa mutane hankali, wato sababbin maza suna kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar. Dalilin a lissafin lokaci yake. Zakanya mai goyo takan yi kusan shekara biyu kafin ta sake haihuwa, amma in 'ya'yan suka mutu, nan da nan take karɓar namiji, shi kuma ba shi da shekara biyun jira. A 1991 gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da abin da katunan suka nuna: mazan da ke riƙe da garke su ne uban 'ya'yan, kuma in ƙawancen maza ya kai huɗu ko fiye, to 'yan uwan juna ne.

Tambayar da ta fi cin lokaci ita ce me ya sa zaki ke zaman garke, alhali damisa da sauran danginsa kowa shi kaɗai yake yawo. Kowa ya ɗauka don farauta ne. Da aka auna abin da kowace zakanya ke ci, sai aka ga abinci kaɗai bai isa ya zama dalili ba. Karen McComb ta ɓoye lasifika a cikin daji tana saka rurin baƙin zakuna, wani lokaci murya ɗaya, wani lokaci uku. Sakamakon da ta buga a 1994 ya nuna matan suna auna yawansu da na baƙin: in sun fi yawa su tunkari sautin, in ba su kai ba su ja da baya, ko su yi ruri su kira 'yan uwa. Daga baya Anna Mosser ta ɗora tarihin garkuna na shekaru da dama a kan taswira, ta ga cewa masu riƙe da mahaɗar koguna, inda ruwa da inuwa da wurin kwanton ɓauna suke, su ne suka fi raya 'ya'ya, kuma garke mai yawa shi ke iya ƙwace irin wannan wuri ya riƙe. Ashe ƙasa ake karewa. A ganina wannan ita ce nasara mafi girma ta wannan fanni, kuma ba mai zaman shekara uku da zai iya gano ta.

A 1984 aka fara ɗaura wa zakanya ɗaya a kowane garke abin wuya mai rediyo, abin da ya rage wahalar nema ƙwarai. Shekara goma bayan haka aka shiga baƙar shekara. A farkon 1994 aka soma ganin zakuna suna faɗuwa kamar masu farfaɗiya, fuska na karkarwa, ƙafafu sun ƙi ɗaukar jiki. Likitar dabbobi Melody Roelke-Parker da abokan aikinta suka gano cutar karnuka ce da ake kira distemfa. Ta kashe zakuna kusan 1,000, wato sulusin na yankin. Ga masu riƙe da katuna, wasunsu sanannu ne da suna da dangi. Jinin da aka daɗe ana ajiyewa ya nuna cutar ta sha ratsawa ba tare da kisa ba. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne farin 1993, wanda ya raunana ɓauna, kaska ta cika su, zakuna suka ci, cutar kaska ta haɗu da ta karnuka. Bayan nan aka shiga yi wa karnukan ƙauyukan kewaye allurar rigakafi, zakunan kuma suka farfaɗo cikin 'yan shekaru.

A 2010 aka kafa kyamarori 225 masu ɗaukar hoto da kansu a cikin gandun, yanzu kuma abin wuya ta tauraron ɗan adam yake aiko da saƙo. Suna da amfani, amma ba su san wace ce ta haifi wace ba. Wannan har yanzu sai mai kati. Canjin da ya fi faranta mini rai wani ne daban. Shekaru da yawa sunayen baƙi ne a bangon littattafai, alhali 'yan ƙasa ne ke tuƙi da bin sawu. A 2007 aka kafa Lion Guardians a yankin Amboseli na Kenya, inda samarin Masai, waɗanda a da kashe zaki ne alamar jarumtarsu, suka zama su ne masu bin sawu, masu raɗa wa zakuna suna, masu gargaɗin makiyaya kada su kai shanu inda garke yake.

Zakunan da ke kusa da mu ba su sami irin wannan gata ba. Binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya duba gandaye 21 a Afirka ta Yamma, a huɗu kacal ya tarar da zaki, jimillarsu wajen 400. Mafi yawansu suna yankin W da Arli da Penjari, tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso, sai 'yan kaɗan a Senegal da Kainji da Yankari. Kirana ga jami'o'inmu da hukumomin gandun daji shi ne su samar wa matasanmu mota da madubin hangen nesa da albashin da zai zaunar da su shekaru, su buɗe wa kowane zakin da ya rage katinsa tun yana raye.