Hutun Wata Guda Daga Barasa: Abin Da Tarihin Ayalan Ke Nuna Wa Jama'armu Ta Paris Da Lyon

A iyakar arewacin Paris, inda babbar hanyar da ta nufi Lille ta gamu da titin zobe wanda aka shimfiɗa a gurbin tsohuwar ganuwar birnin, nan ne Porte de la Chapelle, unguwar da a cikin shekarun nan ta zama zangon farko ga dubban masu neman mafaka, mutanen Afganistan da Sudan da Eritiriya da Afirka ta Yamma, waɗanda a cikinsu akwai masu jin Hausa da suka keto Sahara ta Agadas, suka ɗanɗani azabar Libiya, kana suka haye Bahar Rum zuwa Italiya. A watan Nuwamba na 2016 hukumar birnin ta buɗe musu masauki na wucin gadi a hannun ƙungiyar Emmaüs Solidarité, aka rufe shi a 2018, tantuna suka ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashin gadoji, daura da tudun da masu shan hodar iblis suka mayar matattara, har aka tashe su duka a Nuwamban 2019. A yau an gina katafaren zauren wasanni a wurin saboda gasar Olamfik ta 2024, amma gini bai kawar da lalurar da ta sa saurayin da ya sauke Alƙur'ani a Damagaram ko Zariya ya wayi gari da gwangwanin giya a hannu ba.

Sabubban wannan musiba ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Mai neman mafaka a Faransa ba shi da izinin aiki a watanni shida na farko. Wanda kuma aka ɗauki zanen yatsunsa a Italiya, dokar nan ta Turai mai ɗauke da sunan Dublin, babban birnin Ayalan, tana iya mayar da shi Italiya, sai ya zauna wata da watanni tsakanin tsoro da tsammani, ga sanyin hunturu, ga rashin barci, ga 'yan gida suna bugo waya suna tambayar abin da aka samu. Giya mai ƙarfi kuwa tana da araha a kowane kanti, ba ta bukatar takarda. Irin wannan hali ake gani a Lyon, a unguwar Guillotière, kewayen dandalin Gabriel-Péri, inda baƙi ke yini a tsaye domin babu wurin zuwa.

Abin da nake son in tsayar da hujja a kansa shi ne, hutun da mashayi ke ɗauka daga barasa, na wata guda ko na kwana arba'in, wanda da yawa daga cikinmu ke rainawa suna kiransa tuban muzuru, ƙofa ce ta haƙiƙa zuwa ga bari na har abada, muddin jama'a ta tsaya a bakin ƙofar ta karɓi mai shigowa. Babu al'ummar da tarihinta ya fi bayyana wannan kamar mutanen Ayalan.

An san su a duniya da sha, har sunan ya bi su ya zama tambari, alhali kuwa rabin labarin ke nan. Gaskiya ne gidan giya shi ne dandalin ƙauyensu, a can ake taron suna da na biki da zaman makoki. Gaskiya ne kuma kamfanin Guinness da aka kafa a Dublin a 1759 ya kai hajarsa nesa, har ya gina masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960. Suna da wata al'ada ta zagaye, wadda idan abokai suka zauna kowa zai sayo wa kowa bi da bi, tamkar adashi, ta yadda wanda ya sha na mutane ba shi da halin tashi sai ya zuba nasa, kuma zaman mutum shida ya zama kofi shida ko da babu wanda ya yi niyyar haka. A irin wannan majalisa wanda ya ce ya huta shi ne abin tuhuma: ko ba shi da lafiya, ko matarsa ta hana shi, ko yana ganin ya fi saura.

Sauran rabin labarin shi ne, wannan ƙasa ce ta haifi ɗaya daga cikin manyan yunƙurin ƙaurace wa barasa da aka taɓa gani a Turai. Ranar 10 ga Afrilu 1838, a birnin Cork, wani limamin Katolika mai suna Theobald Mathew ya sa hannu a kan alkawarin barin sha baki ɗaya, kuma cikin 'yan shekaru miliyoyin mutane suka durƙusa a gabansa suka ɗauki irin wannan alkawari a bainar jama'a. Hikimarsa ba ta tsaya ga wa'azi ba, domin ya fahimci cewa wanda aka raba da gidan giya an raba shi da abokansa da hirarsa da wurin jin ɗuminsa, saboda haka aka buɗe ɗakunan karatu da ƙungiyoyin masu busa da kiɗa, domin maraicen mutum kada ya zama kango. Babbar yunwar da ta faɗa wa ƙasar daga 1845 ta karya ƙarfin tafiyar, amma a 1898 wani limamin, James Cullen, ya kafa ƙungiyar Pioneer a Dublin, wadda 'ya'yanta ke maƙala ƙaramar alama a ƙirji, alamar da ke isar wa mutum amsa tun kafin a miƙo masa kofi. Bayan wannan kuma talakawa suna da hutunsu na lokaci: wasu su bar sha a kwana arba'in na azuminsu kafin Ista, wasu a watan Nuwamba domin tunawa da mamatansu. Wato al'umma ta tanadar wa mashayi uzurin da zai faɗa ba tare da kunya ba.

Faransa ba ta yi wa baƙonta wannan tanadi ba. Hukumar lafiyarta ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum 41,000 a shekarar 2015 kaɗai, amma da aka shirya kwaikwayon shirin nan na Janairu babu giya, wanda wata ƙungiya ta fara a Ingila a 2013, sai gwamnati ta janye hannunta a Nuwamban 2019 bayan ƙorafin masu sana'ar inabi, aka bar ƙungiyoyi masu zaman kansu suka ɗauki nauyinsa. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abinci na makaranta.

Mu kuwa cutarmu kishiyar ta Ayalan ce. A can mai bari ne ke ɓuya. A wurinmu mai sha ne ke ɓuya, kuma ɓuyan nan shi ke kashe shi. Da yawanmu mun taso a Nijeriya, ƙasar da tun zamanin Turawa aka taƙaita sayar da barasa ga Musulmi, aka tura ta Sabon Gari, daga baya shari'a ta dawo a Zamfara da Kano a shekarar 2000, Hisba tana farfasa kwalabe a gaban jama'a. Wannan ya tsare mutane da yawa, babu shakka, sai dai bai koya mana yadda ake zama da wanda ya riga ya faɗa ba, kamar yadda annobar maganin tari mai kodin da ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana shi a 2018 ta tona. Saurayin da aka ji warin giya a bakinsa a Paris, sai 'yan garinsu su janye jiki, a daina kiransa cin tuwo, a aika labari gida. Daga nan ba shi da sauran majalisa sai ta ƙarƙashin gada.

Haramcin hamru, wato barasa, yankakke ne da nassi da ijma'i, babu mai jayayya a kan haka, kuma hukuncin ya riga ya cika tun saukar ayar Ma'ida. Amma malamanmu sun fi kowa sanin cewa an bi da sahabbai ta hanyar tadriji, daga bayanin cutarwarta a Baƙara, zuwa hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, kafin hani na ƙarshe. Idan tadrijin hukunci ya wuce, hikimarsa a fagen tarbiyya tana nan. Sun kuma san abin da Buhari ya ruwaito game da mutumin da aka yi ta kawowa saboda sha, wani ya la'ance shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida masa da son Allah da ManzonSa. To, da wace hujja za mu kori wanda ya ajiye kwalba tun daga Sha'aban, kamar yadda mashaya da yawa daga ƙasashen Magrib ke yi, ya zo sahu a Ramadan, mu ce masa munafuki? Mutumin nan ya tabbatar wa kansa cewa yana iya kwana talatin. Abin da ya rasa shi ne wanda zai riƙe hannunsa rana ta talatin da ɗaya, lokacin da tukunyar buɗa-baki ta masallaci ta sauka, kowa ya koma harkarsa.

Akwai kuma wani bayani na likitanci da ya wajaba limamai su sani, domin jahiltarsa na iya jawo asarar rai: wanda jikinsa ya saba da sha mai yawa kullum, idan ya yanke farat ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gushewar hankali, waɗanda wasunmu ke ɗauka aikin iska ne su tsaya ga ruƙiyya. Irin wannan sai da kulawar likita. A Faransa akwai cibiyoyin da ake kira CSAPA a Paris da Lyon da sauran birane, inda ake duba mutum kyauta kuma a asirce, akwai kuma asibitin Fernand-Widal kusa da tashar Gare du Nord, wanda ya shahara a wannan fanni.

Ina kira ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Nijar da Nijeriya mazauna waɗannan birane biyu, da su sa wannan a cikin shirin azumin bana: a san waɗanda suka ajiye sha, a ba kowannensu dattijo guda da zai riƙa nemansa, a raka mai bukatar magani zuwa cibiya a yi masa tafinta, kuma kada a naɗe tabarmar ciyarwa ranar salla, a bar ta a shimfiɗe ko da sau ɗaya a mako har ƙarshen Shawwal.