Dokin teku: kifin da namijinsa ke ɗaukar ciki

Mai karatu, ka san tarwaɗa da karfasa, waɗanda masunta ke kamawa a kogin Isa da tafkin Madarunfa. To, a cikin teku akwai wani kifi wanda in ka gan shi ba za ka ce kifi ne ba. Sunansa dokin teku, domin kansa da lanƙwasar wuyansa sun yi kama da na doki. Kada ka ɗauka dorina ake nufi. Wannan ƙaramar halitta ce. Mafi ƙanƙanta bai kai santimeta 2 ba, mafi girma kuwa yana kusan santimeta 35. Masana sun ƙidaya iri fiye da 40, suna kiran su Hippocampus.

Yaya kamanninsa?

Dokin teku ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye. Jikinsa lulluɓe yake da faifan ƙashi a ƙarƙashin fata, tamkar sulke. A tsaye yake iyo, kai sama, wutsiya ƙasa. Wani ɗan fiffike da ke gadon bayansa shi ke tura shi gaba, amma tafiyar ba ta da sauri ko kaɗan. Akwai wani ƙaramin iri a gaɓar Amurka wanda a awa guda ba ya wuce mita ɗaya da rabi.

Tun da ba shi iya tserewa, sai ya dogara ga ɓuya. A nan zai tuna maka da hawainiya. Yana sauya launinsa ya saje da wurin da yake, kuma kowane ido nasa yana juyawa shi kaɗai. Wutsiyarsa tana naɗewa, da ita yake riƙe ciyawa don kada igiyar ruwa ta tafi da shi.

Ina yake zaune, me yake ci?

Ba za ka same shi a Nijar ba, domin shi kifin ruwan gishiri ne. Yana son bakin teku inda ruwa ba shi da zurfi, cikin ciyawar teku, ko tsakanin murjani, ko cikin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a gaɓa. Mafi kusa da mu shi ne irin Afirka ta Yamma, wanda ake samu tun daga Senegal har Angola.

Bakinsa dogo ne kamar bututu, babu haƙori a ciki. Yakan laɓe shiru har ƴan ƙananan halittu dangin jatan lande su matso, sai ya zuƙe su. Ba shi da tumbin ajiye abinci, saboda haka kusan yini yake yi yana ci.

Haihuwa

Ga inda abin mamakin yake. Namiji yana da wata jaka a gabansa. Idan lokacin barbara ya zo, shi da macen sukan haɗu da safe, su yi ta kewaya juna, wani lokaci wutsiya riƙe da wutsiya. Daga bisani mace ta zuba ƙwanta cikin jakar, namiji ya zuba musu maniyyinsa, jakar ta rufe. A ciki ƙwan ke samun iska da kariya har su ƙyanƙyashe. Cikin yana ɗaukar kwana 10 zuwa mako 6, gwargwadon irin kifin da ɗumin ruwa. Sannan namiji ya shiga naƙuda, ya riƙa fesar da ƴaƴan, daga ƴan kaɗan har fiye da 1000. Da zarar sun fito ba mai kula da su, kuma ƙalilan ne ke kai girma.

Barazanar da ke kansa

Jiragen da ke jan koma a ƙasan teku suna kwaso shi tare da sauran kifi, suna kuma lalata ciyawar da yake zama ciki. Ana busar da shi a sayar da shi a Sin da wasu ƙasashen Asiya, inda ake haɗa maganin gargajiya da shi. Har daga Senegal da Gine an yi ta fitar da busasshensa zuwa can. Idan aka kama namiji mai ciki, duk ƴaƴan da ke jakarsa sun salwanta tare da shi. Tun shekarar 2004, yarjejeniyar CITES, wadda ke tsare namun daji daga fataucin da ya wuce kima, ta wajabta samun takardar izini kafin a fitar da dokin teku daga wata ƙasa zuwa wata.