Sayen a-kori-kura ta hannu a Wurno, Rabah da Goronyo: amfaninta, wahalarta da abin da ya kamata a duba

A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo da ke gabashin Jihar Sakkwato, motar a-kori-kura ita ce ke haɗa gona da kasuwa. Ita ke shiga fadamar Gulbin Rima ta ɗebo shinkafa, albasa da tafarnuwa, ta kai su Achida ko Goronyo ko cikin birnin Sakkwato. Da yake sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin manoma da 'yan kasuwa, akasarin masu saye ta hannu suke nema. Irin wannan ciniki yana iya ɗaga mutum, yana kuma iya cinye masa jari cikin damina ɗaya.

Wace irin mota ce?

Matsakaiciyar a-kori-kura ita ce wadda ta fi ƙaramar mota ƙarfi amma ba ta kai roka ko tirela ba. A da, Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya ne suka cika hanyoyin Arewa, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Yau Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ita ce kan gaba, sai Mitsubishi L200, Ford Ranger, Nissan da Isuzu. Yawancinsu an yi su ne don ɗaukar kaya kimanin tan 1, wato buhu 10 masu kilo 100. Mai ƙofa biyu ta fi faɗin baya, mai ƙofa huɗu kuwa tana ɗaukar mutum biyar amma wurin kayanta ya fi ƙanƙanta.

Ta hannun ma iri biyu ce. Akwai wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, wadda ake kira 'yar Kwatano, akwai kuma wadda ta riga ta yi aiki a cikin gida, a hannun ma'aikata ko kamfani ko ɗan kasuwa, sannan aka sayar ko aka yi gwanjonta.

Amfaninta

Abu na farko shi ne dacewarta da ƙasar. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da tsarin ban-ruwa na Wurno sun sa ana noma rani da damina, amma hanyoyin da ke shiga gonakin rairayi ne da rani, laka da damina. A-kori-kura tana da tsayin ƙasa, kuma mai giyar da ke juya tayoyi huɗu, wadda direbobi ke kira oksilare, tana fita inda ƙaramar mota za ta kafe.

Na biyu, tana ba manomi iko a kan amfanin gonarsa. Albasa da tumatir ba sa jira. Wanda ba shi da mota yakan sayar a bakin gona da kuɗin da mai saye ya yanke, ko ya zauna jiran motar haya ranar kasuwa. Mai mota kuwa yana zaɓen ranarsa da kasuwarsa, a dawowa ya ɗauko taki, injin ban-ruwa ko siminti, ya kuma ɗauki kayan maƙwabta su biya shi.

Na uku, gyaran tsofaffin samfura yana da sauƙi. Hilux mai injin fetur na lita 2.7 da mai tsohon injin gas na 5L duk sananne ne ga makanikan Sakkwato, kuma kayan gyaransu, sababbi da na hannu, ba sa wuyar samu. Na huɗu, Hilux tana riƙe daraja. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, kuɗin shigo da mota ya bi ta, don haka mai lafiyayyar mota yakan samu mai saye ba tare da ya jira ba.

Wahalarta

Wannan riƙe darajar shi ne kuma matsala ta farko ga mai saye: tsohuwar Hilux takan yi tsadar da ba ta dace da shekarunta ba. Sauran samfuran sun fi araha, amma wani ɗan ƙarfe ɗaya yana iya ajiye motar har sai an aiko shi daga Kano ko Legas.

Sai mai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 nan take, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Injin fetur mai lita 2.7 yana shan mai sosai idan an yi masa lodi. Na gas ya fi tsimi da ƙarfin ja, amma sababbin injunan gas irin su 1KD da 2KD ba sa jure gurɓataccen mai. Wanda ke saye a galan a bakin hanya yana iya lalata nozul da famfon mai, kuma gyaransu yana da tsada.

Sannan babu wanda ke sayen a-kori-kura don ado, saboda haka ta hannu takan zo da gajiya. A tasoshin yankin, lodin da ya ninka ƙa'ida ba baƙon abu ba ne, ga fasinjoji a saman kaya. Hakan yana karya sifirin, yana lanƙwasa shasi, yana cinye kuloci da birki. Makanikai sukan ƙara sifirin don motar ta tsaya daidai, amma ƙarin bai ƙara wa shasi ko birki ƙarfi ba.

Akwai kuma batun tsaro. Gabashin Sakkwato ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. A Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta taƙaita sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. A Oktoban shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane da yawa. Motar da aka saya da bashi ba ta daina cin kuɗi don hanya ta rufe, kuma mota mai tsada tana jawo ido ga mai ita.

Abin da za a duba kafin a biya

Ana fara dubawa daga ƙasa. Shasi shi ne ƙashin bayan motar, don haka a nemi alamar walda, lanƙwasa ko tsatsa. Motocin da suka fito daga yankunan sanyi na Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, sun fi fama da tsatsa. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasancin kimanin dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasin wasu motocinsa a can, ciki har da Tacoma ta 2005 zuwa 2010. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin mota dalili ne na ƙara bincike.

Injin kuwa a tayar da shi da sanyin safiya. Shuɗin hayaƙi yana nuna yana ƙona baƙin mai, farin hayaƙin da bai yankewa yana iya nuna ruwa na shiga injin. A yi tafiya da ita da kaya, a lura da allurar zafi, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma lagireto mai rauni ba zai kai Goronyo da lodi ba. A gwada oksilare a rairayi. Busasshiyar laka a ƙarƙashin kujeru ko cikin wayoyi alama ce ta motar da ruwa ya taɓa ci. Maleji ana iya juya shi baya, don haka gogewar sitiyari da fedoji ta fi shi gaskiya. A guji wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, domin aikin da ba na kamfani ba yana iya sakin hannu ana cikin gudu.

Takardu

Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma yankin ba shi da nisa da iyakar Illela. Motar da ba a biya wa kuɗin kwastan ba ana iya ƙwace ta ko da ta yi shekaru a hannun mai ita na uku. Dole lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda, a kuma tabbatar da takardun a ofishin kwastan kafin kuɗi ya fita. Bayan haka sai takardar cinikayya mai shaidu, sauya sunan mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota da inshora. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar ƙaramar mota ta gida ya koma naira 15,000, ta motar kaya kuma ta fi haka.

Wa ta dace da shi?

Lissafin yana komawa ga yawan kwanakin aiki. Wanda zai yi jigila wata uku na kakar albasa kawai, haya ta fi masa sauƙi. Wanda ke da aikin rani da damina, ko ƙungiyar manoma da za ta haɗa kuɗi ta raba ranaku, shi ne motar za ta iya mayar wa da kuɗinsa. A kowane hali, bai kamata a zuba duka jari a saye ba. Sai an ware kuɗin tayoyi, batir, juyen baƙin mai da gyaran farko, an kuma je da makaniken da ba shi da alaƙa da dillalin, domin dillali la'adarsa yake nema, kuma ba shi zai tura motar ba ranar da ta tsaya tsakanin Achida da Wurno.