Dijkstra da Tambayar Hanya Mafi Kusa

A shekarar 1956, Cibiyar Lissafi ta birnin Amsterdam na shirin ƙaddamar da sabuwar kwamfutarta mai suna ARMAC, kuma ana neman aikin da za a gwada a gaban baƙi, wanda ko mutumin da bai san lissafi ba zai gane. Nauyin ya faɗa kan Edsger Dijkstra, matashin da aka haifa a Rotterdam a 1930. Tambayar da ya zaɓa kowane matafiyi ya santa: daga Rotterdam zuwa Groningen, wace hanya ce ta fi kusa?

Amsar ta zo masa ne a wani shagon shan kofi, inda shi da budurwarsa suka zauna hutawa bayan yawon sayayya. Cikin kusan minti 20 ya tsara dabarar, ba biro ba takarda, kuma rashin takardar ne ya tilasta masa yar da duk wata sarƙaƙiya.

Ga yadda take. Garin da ka tashi ka ba shi sifili, ka rubuta nisan maƙwabtansa. Cikin garuruwan da ba a kammala ba, ɗauki mafi kusa ka rufe lissafinsa, sannan ka duba ko ratsawa ta cikinsa zai rage wa maƙwabtansa nisa. Garin da aka rufe ba a komawa kansa, domin duk wata hanya zuwa can sai ta bi ta garin da bai fi shi kusa ba. A taswirar garuruwa 64 na ƙasar Holan aka fara gwada ta, sai a 1959 ta fito a mujallar Numerische Mathematik, cikin shafi uku kacal.

A 1968 Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael suka ɗora mata ƙiyasin sauran nisa, domin mutum-mutumin Shakey a Amurka, suka samar da dabarar A*. Yau manhajojin taswira sun ginu a kan wannan tushe, haka ma tsarin OSPF da ke zaɓar wa saƙonni hanya a intanet.

Dijkstra ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1972, ya rasu a 2002. Ya ƙare rayuwarsa yana jaddada cewa a rubuta manhaja yadda za a iya tabbatar da ingancinta da hujja. Kwamfutoci sun sauya sau da yawa, amma hujjarsa ba ta motsa ba, shi ya sa har gobe ake koyar da ita.