Firimakwin da Fursunonin Stateville: Yadda Aka Gano Ƙarancin G6PD

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin wani rukunin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu mutane, daga 1926 zuwa 2018. Manufarta ita ce nuna cewa hukuncin da masana ke yankewa kan amincin magani yana rataye ne a kan jikin waɗanda aka gwada maganin a kansu.

Gabatarwa

A shekarar 1926 masana'antar harhaɗa magunguna ta Jamus ta fito da famakwin, wanda aka sayar da sunan Plasmochin. Ba a daɗe da fara amfani da shi ba likitoci suka riƙa kawo rahoton wani abu mai ɗaure kai. Mutane da yawa su sha lafiya lau, amma a samu ɗaya da bayan 'yan kwanaki fitsarinsa zai yi duhu, idanunsa su yi rawaya kamar mai shawara, jininsa ya ragu ƙwarai. An lura abin ya fi yawa ga baƙaƙen fata da wasu al'ummun Asiya da na gaɓar Bahar Rum. Kusan shekara 30 bayanin bai wuce nan ba. Launin fata ya zama tamkar amsa, alhali babu wanda ya san abin da ke faruwa a cikin ƙwayar jinin.

Yaƙi da gidan yari

Yaƙi ne ya tilasta a koma kan batun. Da Japan ta mamaye tsibirin Jawa a 1942, sai hanyar samun kwinin ta toshe wa Amurka da ƙawayenta, ga kuma sojoji na kwanciya da zazzaɓi a fagen daga na tekun Pasifik. Nau'in da ya fi addabarsu shi ne vivax, wanda ke laɓewa a hanta ya sake tasowa bayan watanni. A 1944 Jami'ar Shikago, ƙarƙashin jagorancin Alf Alving, ta buɗe sashen bincike a gidan yarin Stateville da ke jihar Illinois. Ana sa sauro mai ɗauke da cutar ya ciji fursunoni, sannan a gwada musu sababbin magunguna. Daga cikin waɗanda aka gwada, firimakwin, wanda Robert Elderfield ya harhaɗa a Jami'ar Kolumbiya, shi ya yi zarra wajen kashe ƙwayar cutar da ke hanta. Lokacin yaƙin Koriya an riƙa ba wa sojojin Amurka shi a jiragen ruwa a hanyarsu ta komawa gida. Tsohuwar matsalar ba ta gushe ba: kimanin kashi 10 cikin 100 na baƙaƙen Amurka maza jininsu kan farfashe idan aka ƙara yawan maganin.

An kira fursunonin masu sa-kai, kuma sun sa hannu a takarda. Sai dai wanda ke fatan a rage masa wa'adi, yardarsa abar tambaya ce. Ko a shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, a 1947, lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun kafa hujja da Stateville don nuna cewa Amurka ma na gwaji a kan fursunoni. Kwatancin ya yi nisa da gaskiya, domin Stateville ba sansanin kisa ba ne, amma bai kamata marubucin tarihi ya tsallake shi ba.

Abin da aka gani a cikin jini

Gwajin da ya warware ƙullin yana da sauƙin fahimta. A farkon shekarun 1950 Raymond Dern da Ernest Beutler da abokan aikinsu suka ɗebi jajayen ƙwayoyin jinin fursunan da maganin ke cutarwa, suka yi musu alama da sinadarin kuromiyam mai fitar da tururin nukiliya, suka zuba su a jikin wanda maganin ba ya cutarwa, sannan suka ba shi firimakwin. Ƙwayoyin da aka zuba suka lalace, nasa na asali suka tsira. Da aka juya gwajin, lafiyayyun ƙwayoyi suka tsira a jikin mai rauni. Ke nan aibin yana cikin ƙwayar jinin kanta. A 1956 Paul Carson da Alving da abokansu suka bayyana a mujallar Science cewa abin da ya yi ƙaranci wani inzayim ne da ake taƙaita sunansa da G6PD.

Jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, kuma ba ta da cibiyar da za ta sabunta mata kayan aiki; da guzurin da ta fito da shi daga ɓargo za ta ƙare rayuwarta. Aikinta ɗaukar iskar oksijin ne, ita kuwa oksijin tana cin abu kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. G6PD ne ke samar da sinadarin da ƙwayar ke kare kanta da shi. Idan ya yi ƙaranci, mutum na iya yin shekaru bai san da shi ba, sai ranar da magani ko abinci ko wata cuta ta ƙara wa ƙwayar nauyi. Nan da nan aka gane cewa wannan ne sirrin ciwon da ke kama wasu mutanen Sardiniya da Girka bayan cin waken ful, wanda Hausawan Sudan da Saudiyya suka sani sarai a teburin karin kumallo. Aka kuma gano cewa ana gadon abin ta kuromosom X, shi ya sa ya fi bayyana ga maza. A yau an ƙiyasta masu ɗauke da shi sun kai miliyan 400, akasari a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, kuma masana da dama na ganin yana ba da 'yar kariya daga cutar, kamar yadda gadon sikila ke yi.

Iyakar abin da Stateville ta koyar

A nan ne, a ganina, tarihin ya fi bukatar natsuwa. Masu binciken sun lura cewa idan fursuna ya ci gaba da shan maganin, farfashewar kan tsaya da kanta bayan kamar mako guda, jini ya fara dawowa. Dalili shi ne a nau'in da ya fi yawa ga 'yan asalin Afirka, wanda ake kira A-, tsofaffin ƙwayoyi ne suka rasa inzayim ɗin, sababbi kuwa suna da wanda zai ishe su. Binciken daidai ne, amma an yi shi ne a kan manyan maza masu ƙoshin lafiya, a gaban likita dare da rana. Daga nan ra'ayin cewa nau'in Afirka mai sauƙi ne ya shiga littattafan koyarwa ya zauna daram. A nau'in Bahar Rum har sababbin ƙwayoyi ba su tsira ba, don haka ci gaba da shan maganin na iya kai mutum ga halaka.

Wani abin lura kuma: mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, wadda vivax ke bi ya shiga. Ashe jikokinsu a Stateville sun ba da jininsu ne don maganin cutar da ba ta cika kama su ba.

Nahiyar ba ta kuɓuta daga matsalar ba duk da haka. A 2003 aka fito da Lapdap, haɗin kulorfurogwanil da dafson, a matsayin magani mai araha ga zazzaɓin falsifarum a Afirka. An daɗe da sanin cewa dafson na farfasa jinin masu ƙarancin G6PD. A 2008, bayan gwaje-gwaje sun nuna mummunan raguwar jini ga masu wannan ƙaranci, kamfanin GlaxoSmithKline ya janye shi. Yaron da zazzaɓi ya riga ya cinye masa jini ba shi da rarar da ƙosasshen fursuna ke da ita. Haka nan likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna danganta tsananin shawarar jarirai da wannan ƙaranci, musamman idan an adana kayan jariri da ƙwallayen naftalin da ake kira kafur a kasuwa.

Matakan baya-bayan nan sun nuna an fara auna abin da ma'auni biyu, yawan magani da jikin mai sha. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba da firimakwin sau ɗaya, miligiram 0.25 ga kowane kilo na nauyin jiki, don hana sauro ɗaukar falsifarum daga majiyyaci, ba tare da gwajin G6PD ba, saboda adadin ƙanƙani ne. Tafenokwin kuwa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, yana daɗewa makonni a jiki, kuma idan an haɗiye shi babu damar janyewa. Saboda haka aka sharɗanta auna ƙarfin inzayim ɗin kafin a ba kowa shi, har da mata, waɗanda gwajin "akwai ko babu" kan nuna lafiyarsu ƙalau alhali wani kaso na ƙwayoyin jininsu ba shi da kariya. Babu mace ko ɗaya cikin fursunonin Stateville.